Baƙon da Aka Yi wa Lale

"Na ce ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba, Shafa! Kwana biyu ya isa haka."

"To sai ka shiga ka fito da ita da kanka, Malam. Ga ƙofar can, ai ba a kulle take ba."

"Ki rage murya."

"Kai ka fara ɗagawa."

Maharazu ya dubi ƙofar uwar ɗaki, ya dubi matarsa Shafa'atu, ya koma kan kujera ya zauna yana huci. Shi fa ba mugu ba ne, tsoro ne Allah ya zuba masa da yawa. Gwamnati ce ta turo shi kos na shekara biyu a Landan, a lokacin nan da kuɗin mai ke zuba kamar ruwan Agusta, har akawun da bai taɓa wuce Zariya ba sai ka ji an ce yana cikin jirgi. Suka sami flat, ɓangaren ƙasa, a wani gida a unguwar Edmonton. Kullum da safe ya ɗauki jaka da lema ya nufi wurin kos ɗinsa a Charing Cross, kuma babu abin da yake gudu a duniya irin a ce sunansa ya shiga takardar 'yan sanda, a mayar da shi Kano ba takardar shaida.

"Mace ba dangin iya ba na baba," ya ce ƙasa ƙasa. "Baturkiya. 'Yar wasan kwaikwayo, mai shan taba. Ga Alhaji Lawal zai iso yau daga Kano, yanzu haka ma yana hanya daga filin jirgi. In ya gan ta me zan ce masa?"

"Ka ce masa 'yar Adam ce."

Matar da ake wannan rigima a kanta tana kwance a uwar ɗaki, ba ta jin ko "zo" da Hausa, amma ai faɗa ba ya bukatar tafinta. Wata biyar ke nan da ta kama ɗakin sama, ta ce sunanta Nuran. Ba ta fita sai da ɗankwali da baƙin tabarau, ko da kuwa rana ta yi sati ba ta leƙo ba. Wajen shanya suka saba da Shafa'atu, wannan da gurgun Turancinta, waccan da nata, sauran a cika da hannu da sunan Allah. Shafa'atu kuwa akwai son jin ƙwaƙwaf. Da kwanon tuwo da miyar kuka ta yi ta hawa bene har sai da ta kwashe labarin kaf, ban da abu ɗaya, kuma ɗayan nan shi ya kusa kashe su.

Ashe matar nan a ƙasarsu ba ƙaramar mace ba ce. Ɗiyar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, tana da shekara goma sha tara ta shiga gidan rediyo a Ankara, tana yin muryar yarinya, ta juya ta yi ta tsohuwa, ba mai ganewa. Daga nan ta hau dandamali. Da talabijin ta zo, irin mai baƙi da fari, aka ba ta wasan wata malamar makarantar ƙauye, ana nunawa duk ranar Talata. Ta ce a daren Talata duk gidan da ke da akwatin sai ya cika da maƙwabta har bakin taga, 'yan mata suka koma yanke gashi irin nata. Ta nuna wa Shafa'atu hotuna da ta yanko daga mujallu, an zagaye su da almakashi tsaf, ba a bar rubutu ko ɗaya ba.

Tana cikin wannan tashe ta auri Hikmet, mai manyan motocin dakon kaya. Da farko shi ke kai ta wurin aiki yana alfahari. Sai wata Talata, a cikin wasa, likitan ƙauyen ya riƙe hannun malama, ƙasa duka tana kallo. Washegari maza suka yi ta yi wa Hikmet dariya a gidan shan shayi. Ya ce ta bar wasa, ta ƙi. Ya doke ta, ta bar masa gidan. Sai ya rantse cewa fuskar nan da kowa ya gani, ba wanda zai ƙara gani. Ya tare ta a bakin ƙofar aiki da kwalbar ruwan batir, Allah ya sa ta juya, ya same ta a kafaɗa. Shafa'atu ta ga wurin da idonta, fata ta tattare kamar ganda a wuta, ta kwana uku tana mafarkinsa.

Shekaranjiya kuma Nuran ta leƙa taga ta ga wata jar mota a tsallaken titi da mutum a ciki, bai fito ba har magariba. Ta sauko ba takalmi. 'Yan sanda ba su kiruwa, don izinin zamanta ya ƙare tun bazara, in suka zo ita za su sa a jirgi su kai masa har gida. Shi ne Shafa'atu ta tura ta uwar ɗaki.

"Motar ma yau babu ita," in ji Maharazu. "Tun safe nake dubawa. Tsoro ne kawai irin na mata."

"Irin na mata? Wa ya tashi sau uku jiya yana taɓa sakata?"

Ya miƙe ya shiga banɗaki zai yi alwalar la'asar, don a hunturun garin nan kafin ka sallame azahar la'asar ta taka maka diddige.

Yana shiga aka danna ƙararrawa.

Shafa'atu ta yi wuf ta gyara ɗaurin ɗankwali. Alhaji Lawal aminin mahaifinta ne, kuma an ce yana tafe da kilishi da daddawa da saƙon innarta. Murna ta ɗebe ta, ta manta da komai. Tun daga falo ta fara, yadda kowace 'yar mutunci ke yi wa baƙon da ya sha hanya, tana zare sakata tana juya kai baya tana ɗaga murya don maigida ya ji ya fito.

"Lale! Lale, lale, lale!"

Ta buɗe ƙofa.

Ba Alhaji ba ne. Wani gajeren mutum ne fari, mai faɗin kafaɗa da gashin baki, cikin baƙar kot mai kauri. Hannunsa na dama yana cikin aljihu. Yana murmushi har kunne, kamar wanda aka yi wa albishir.

"Na gode," ya ce da Turanci mai nauyi. "Ba sai kin ƙara kiranta ba, ta ji. Ki ce mata mijinta ne."

"Wa?"

"Lale."

Da hannun hagu ya zaro wata mujalla daga ƙirjin kot ɗinsa ya miƙo. Ga Nuran a bango, gashi a yanke, tana dariya. A ƙasan hoton ga manyan haruffa huɗu, kuma duk ƙarancin bokon Shafa'atu ba su fi ƙarfinta ba. Ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi. Lale. Sunan da aka yi ta yankewa da almakashi ke nan, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta yi shelarsa sau huɗu, tana fuskantar ɗakin da matar ke ciki.

Daga uwar ɗaki gado ya yi ƙara sau ɗaya, ya yi shiru.

Maharazu ya fito hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemu, yana shirin rungumar Alhaji. Ya ga mujalla, ya ga mutum, ya tsaya cak. Shafa'atu ta ce masa da Hausa, muryarta kamar ba tata ba, "Malam, shi ne. Sunanta na gaskiya Lale. Ka yi masa bayani, don girman Allah."

Maharazu ya shiga zuba Turancin ofis. Ya ce wannan kalma a harshensu gaisuwa ce, maraba ke nan, ana yi wa baƙo, su ba su san wata mai wannan suna ba, matar sama kuma ta tashi tun makon jiya.

Hikmet ya saurara yana gyaɗa kai.

"Maraba," ya ce. "Wato ni aka yi wa."

"E... to, haka ne."

"Madalla. In suna ne, matata tana ciki. In maraba ce, an ce in shigo."

Ya goge takalmi a kan tabarmar ƙofa da ladabi, ya ratsa tsakaninsu ya shige falo. Su biyu suka tsaya suna kallon bayansa. Wa ya taɓa yi wa mutum lale sannan ya tare masa hanya?

Ya zaɓi kujerar da ke fuskantar uwar ɗaki ya zauna. Hita na ci, ɗaki ya yi ɗumi, amma bai cire kot ba, hannun dama kuma bai fito daga aljihu ba. Da ya gyara zama Shafa'atu ta ga aljihun ya yi tudu, dogo, mai wuya kamar kwalbar maganin tari. Ta rantse daga baya cewa har motsin ruwan ta ji. Ta shiga kicin ta ɗora shayi don ƙafafunta su sami abin yi, ta zuba gishiri a kofi, ta zubar, ta sake.

Da ta dawo ta same shi ya sunkuya kan ɗan teburin gefe. Akwai wani faranti da Nuran ke kashe taba a ciki, an manta ba a ɗauke ba. Ya ɗago guntun taba ɗaya da yatsu biyu yana juya shi. Ga jan baki a gindinsa, ja wur.

"Yallaɓai yana shan taba?"

"A'a," in ji Maharazu, tun kafin ya yi tunani. Kai, wannan bawan Allah.

"To ta wa ce?"

"Tawa ce," in ji Shafa'atu.

Ɗiyar limami guda, wadda ko goro ba ta ci a gaban miji. Hikmet ya dubi leɓɓanta da ba komai a kansu sai man kaɗe. Ya ajiye guntun, ya zaro kwalin taba daga aljihun hagu ya miƙa mata, ya ƙyasta mata ashana da hannu ɗaya a jikin kwalinta da ya danne da gwiwa. Ta karɓa. Ta tuna yadda Nuran ke riƙewa, ta sa a baki ta ja. Hayaƙi ya tokare mata maƙogwaro kamar ta haɗiyi barkono, hawaye ya cika ido, ta danne tarin da ƙarfin tsiya har kunnuwanta suka yi ƙara. Ta fesar, ta ƙara ja. Maharazu ya sunkuyar da kai yana motsa baki, ko addu'a yake ko tsinuwa, Allah masani.

Hikmet ya yi dariya a hankali. Ya kurɓi shayi. Sai ya ɗaga murya ya yi wata doguwar magana da Turkanci, mai taushi, irin muryar da ake lallashin yaro ya sha magani, idonsa a kan ƙofar uwar ɗaki. Ya kasa kunne yana jira. Agogon bango ya yi ta tafiya. Shafa'atu tana ji a jikinta cewa in matar nan ta ja numfashi da ƙarfi an gama.

Ya miƙe. Ya taka ɗaya, biyu, uku zuwa ƙofar.

A nan ne fa Maharazu ya ba kowa mamaki, har da kansa. Ya yi tsalle ya tsaya a jikin ƙofar, hannu a baya yana riƙe da mariƙi.

"Ɗakin matata ne," ya ce. "Gadonta ne a ciki. Kai Musulmi ne. A garinku wani ƙato yana shiga ɗakin matar mutum?"

Suka tsaya hanci da hanci. Hannun nan ya motsa a cikin aljihu. Shafa'atu ta ji wani abu ya yi ƙas, kamar murfi ya goga da zobe, ta runtse ido.

"A'a," in ji Hikmet can. "Ba ya shiga. Ka yi gaskiya, ɗan'uwa. Namiji ya kamata ya tsare ɗakinsa." Ya ja da baya, ya ɗan rusuna wa Shafa'atu. "Na gode da maraba. Titi kuwa na kowa ne. Motata tana can, ina da bargo, ina da haƙuri."

Ya fita, ya ja musu ƙofa a hankali kamar mai gudun tada jariri.

Shafa'atu ta leƙa ta gefen labule. Jar motar ta dawo, daidai tsallaken ƙofa. Ya shiga ya zauna, ya sauke gilashi.

Ƙofar uwar ɗaki ta buɗe. Matar ta fito fuska fara fat kamar alli, ta ciji hannunta har shatin haƙora ya fito a fata. Ta nufo Shafa'atu kai tsaye.

"Me na yi miki?" ta ce da raɗa mai zafi. "Wa ya gaya miki sunana? Kika tsaya kina kira na kamar mai talla!"

"Wallahi ban sani ba, 'yar'uwa. Gaisuwa ce."

"Wata biyar ina shigowa gidan nan, ba ki taɓa yi mini ita ba."

"Ai ke maƙwabciya ce! Ba a yi wa wanda ya sauko daga bene lale, sai wanda ya zo daga nesa. Da kin gaya mini sunan, da na haɗiye harshena."

Lale ta dube ta, ta dubi tabar da ke ci har yanzu a yatsunta, ta zare ta, ta ja sau biyu.

Gidan ba shi da ƙofar baya, ɗan tsakar gidan ya ƙare ne a doguwar katangar layin dogo. Hanya ɗaya ce, kuma yana kallonta. Maharazu ya ce duhu na shigowa, in gari ya yi shiru mutumin nan ba zai sake danna ƙararrawa ba, taga zai fasa. Shafa'atu ta ce akwai Talatu, nas 'yar Jos da ke zaune a Barking, mace mai zuciyar maza, in an kai gare ta an tsira. Amma a kai ta yaya?

Lale ta tsaya tana kallon Shafa'atu daga sama har ƙasa, wani irin kallo na daban, kamar tela na auna mutum.

"A garinku," ta ce, "in mace ta yi faɗa da miji, me take yi?"

"Yaji. Ta ɗaure kayanta ta ɗora a ka ta tafi gidansu."

"Yi in gani."

"Yanzu?"

"Tashi ki yi. Daga nan zuwa kicin."

Shafa'atu ta ɗauki matashin kujera ta ɗora a ka, ta taka. Lale ta ce ba haka ba, wannan tafiyar mai tsoro ce, ta yi ta mai fushi. Shafa'atu ta dubi Maharazu, ta tuno wasu abubuwa nasa na shekara shida, ta murguɗa baki ta taka, ƙugu na faɗin abin da baki bai faɗa ba. Sau biyu kawai Lale ta kalla.

Suka shiga ɗaki. Aka ɗaura wa Lale atamfar da Hikmet ya gani a jikin Shafa'atu, aka cusa tawul a ƙugu don ta ciko, aka sa mata baƙar safa da safar hannu, ga sanyi ya ba da hujja. Kot ɗin Shafa'atu a sama, gyale a lulluɓe har hanci. Hotunanta da fasfo da 'yan kayanta aka ƙulle a zani. Maharazu ya rubuta adireshin Talatu da lambar bas da inda za ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta tura a cikin safa.

Da ta fito falo da ƙunshi a ka, Maharazu ya ja da baya ya ce, "La ilaha illallahu." Matarsa ce tsaye a gabansa, har yadda take karkatar da wuya, ga kuma matarsa a bayanta cikin tsohon zani.

"Tashar bas tana bayan motarsa," in ji Lale ta cikin gyale. "Dole in wuce ta gefen tagarsa. In ya ga idona, shi ke nan. Kai za ka sa ya kalle ka. Ka yi mini ihu da harshenku, ka bi ni har soro, duk titi su ji. Ke kuma ki kwanta a ƙasa, kada inuwarki ta taɓa labule."

"Me zan ce?" in ji Maharazu.

"Ko me. Ba ya ji, ni ma ba na ji."

Shafa'atu ta kama hannunta ta cikin safa, sanyi ƙalau kamar ƙanƙara. Ta so ta nemi gafara, Turancin ya gudu ya bar ta. Lale ta zare hannun, ta ja dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka, tsoron ya ɗauke kamar an kashe fitila.

Shafa'atu ta kwanta rub da ciki a bayan kujera, kunci a kan kafet, zuciya na dukan ƙasa. Ta ji an zare sakata. Iska mai sanyi ta shigo, da ƙarar injin motar da aka bari a kunne.

Sai muryar Maharazu ta tashi, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun aurensu, yana buga bango da tafin hannu, yana tsawa kamar zai ci mutum ɗanye.

"Tafi! Tafi, Allah ya kiyaye hanya! Allah ya makantar da shi! Allah ya rufa miki asiri, baiwar Allah! Ki yafe mana! Tafi, na ce!"

A tsallaken titi ƙofar mota ta buɗe. Shafa'atu ta cusa gefen zani a baki.

Lale ta tsaya a kan dokin ƙofa, ta gyara ƙunshi a ka ba gaggawa, ta juya wa Maharazu ƙeya. Ta sa ƙafa waje, ta fizgo ƙofar da duk ƙarfinta ta buga garam.